Hoton Baba a Dutsen Kagoro

Juma'a, ƙarfe goma na safe, ga Liatu durƙushe a banɗaki, hannu biyu cikin baƙar jakar da haske ba ya ratsa ta, tana laluben bakin fim… A hankali. Gefe kawai, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Yau dai sai an wanke shi. Mama ta gaji da jin "bari sanyi ya shigo", addu'ar cika shekara da rasuwar Baba kuma ba za ta jira sanyin Doha ba.

Ya naɗu. Ta rufe gwangwanin wankin, ta zare hannuwa. Gumi har gwiwar hannu.

Duk abin da ke cikin fim ɗin nan duwatsu ne. Dutsen Kagoro, gajimare kwance a kafaɗarsa, kwazazzabo, wata bishiya da iska ta karkatar. Hoton ƙarshe ne kaɗai yake da mutum. Ita da ba ta saka mutum a hoto — ita da take tsayawa har rana ta karkata don wani mai itace ya wuce…

Ma'aunin zafi ya nuna ashirin daidai. Ƙanƙarar da ta tara tun jiya ta yi aikinta. Ta tsiyaya sinadari na farko, ta juya gwangwanin, ta buga gindinsa a tayil don kumfa ya saki.

"Aikinki ɗaukar ƙashin mutane, hutunki ɗaukar ƙashin ƙasa. Ke ba kya son abu mai nama ne?" Haka Baba yake tsokanarta. Malam Dogara, tsoho mai ciwon gwiwa, amma shi ya saɓa ƙafafun kyamara a kafaɗa ya hana ta karɓa. Shi ke gaba, ita ke haki. A ɗakin duhun wani ƙaramin asibiti can gida ta koyi wanke hoton ƙashi, baƙi da fari, warin nan mai kama hanci. A nan kuwa sai allo — a danna, ƙirjin mutum ya fito. To wa ya ce ta riƙe tsohuwar hanya? Wa ya aike ta?

Juya. Buga. Jira.

Can sama Baba ya nuna mata kufai, da'irar duwatsu cikin ciyawa, babu gida, babu hanya, sai kukan gwaggon biri daga nesa. Nan aka binne cibiyar babansa. Ita kuwa idonta yana kan haske, yana gudu daga tsaunin gabas. Ta ma saurare shi? Me ya ce game da rijiyar da ke bayan falalen dutse? Ya faɗi sunan wata kaka… da wane harafi ma ya fara?

"Ɗauke ni da dutsen nan, Liatu."

"Baba, saura ɗaya fa."

"To ai ni ma ɗaya ne."

Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Yana dariya ne lokacin da ta danna, ko ya riga ya haɗe fuska? Ba ta sani ba. Shekara guda ke nan ba ta sani ba. Fim ɗin yana cikin firji, bayan robar daddawa, tana buɗewa ta gan shi ta rufe. Muddin ba a wanke ba, yana can tsaye, hula a hannu.

Ta zubar, ta tsiyaya na biyu, sannan na uku, mai kafe hoto. Hannunta ya san aikin, ba ya neman shawararta.

Hotunansa ai birjik a waya. A coci, a bikin Jesse ƙanenta, a gadon asibiti. Duk ya ƙame kamar mai jiran katin zaɓe. "Ba waɗannan ba," in ji Mama. "Na kan dutse nake so, wanda ya dawo yana ba ni labarinsa har tuwo ya huce." Jesse ya riga ya yi magana da mai firam.

Khalas, shi ke nan. Yanzu haske ba zai yi masa komai ba. Ta buɗe murfi. Ga shi naɗe cikin ruwa, baƙi-baƙi. Ta ɗan jawo bakinsa ta leƙa? Na ƙarshen ne ma a waje, ɗagawa kawai… A'a. Ba a warware fim sai an gama ɗauraya. Haka aka koya mata, haka take koya wa kowa.

Ɗauraya da ruwa mai gudu. A watan Agusta shuɗin famfo wuta ne, tankinsa yana kan rufi rana tana dafa shi. Duk wanda ya yi bazara a unguwar Mu'aither ya san dabarar: a kashe hita, ruwan da ke kwance cikinta ya huce, jan famfo ya zama na sanyi. Ta murɗa ja, ta tara wuyan hannu. Sanyi ƙalau. Ta saka gwangwanin a ƙarƙashi.

Waya tana ƙara a falo. Mama.

Mama tana lissafin masu zuwa, zumuntar mata za su yi waƙa, an sami buhun acca, fasto ya ce a ajiye hoton a gaban bagade. "Kin gan shi? Ya fito da kyau?" Yana cikin ruwa, Mama. "Yana dariya?" Sai ya bushe, Mama. Ga gaisuwar Gwaggo, ga ta maƙwabta, ga akuyar da ta haihu — ana katse Mama ne?

Da ta koma, madubin banɗaki ya yi fari.

Me ya kawo tururi? Ta kai hannu, ta janye. Ta kashe famfo. A bango, wajen ƙofa, ɗan jan fitilar hita yana ci, salatif ɗin da ta liƙe makunnin da shi yana lilo.

"Anti, lafiya?" Nanret ce, sabuwar nas da ta iso daga Jos makon nan ta sauka wajenta, tawul a ka. "Au, hitar? Ni na kunna da asuba. Na ga an liƙe ta, na ɗauka ta lalace, ina gwadawa sai ta kama. Kin san mu mutanen Jos da ruwan zafi."

Ai ta nuna wa yarinyar nan tashar jirgin metro. Ta nuna mata inda ake samun manja, da wace shara ake fitarwa yaushe. Famfo kuwa ba ta faɗa mata ba… Wanda ta taɓa da wuyan hannu ruwan da ya huce a bututu ne. Da ta ƙara jira kaɗan. Da ta leƙa lokacin da murfi yake buɗe, sau ɗaya, leƙe kawai…

"Anti?"

"Ba komai. Je ki shirya."

Ta ɗaga fim ɗin ta gefe, yadda ake ɗagawa. Baƙin yana zamewa kamar fatar tumatur da aka tafasa, yana bin ruwa zuwa magudana. Ta kai shi taga. Hotuna uku na can ciki sun tsira, duwatsu da gajimare. Na ƙarshen leda ce fara, ana hango ginin maƙwabta ta cikinta.