Wankan Kaka Merle a Teku

Ranar Laraba da ma'aikaciyar tantancewa za ta zo, na isa gidan Kaka Merle tun ƙarfe tara, ina rungume da 'yata Isla. Ina buɗe ƙofa na ji ƙamshin kek, na san Kaka ta yi shirin tarbar baƙuwa.

Kaka ce ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Shekarunta tamanin da shida, kuma sau biyu ta faɗi a banɗaki tun watan Mayu. Gidajen kula da tsofaffi uku na zagaya. Mafi sauƙinsu yana son ajiyar dala dubu ɗari shida, wato sai an sayar da gidanta, ga shi can cikin gari, tafiyar minti arba'in daga teku. Hanya ɗaya ta rage mana: gwamnati ta sa ta a matakin da ake turo wa tsoho mai taimako har gida. Wannan kuwa sai abin da ma'aikaciyar ta gani ta rubuta.

Na tarar da Kaka zaune cikin rigarta ta zuwa coci, ta sha jambaki.

"Kaka, me na ce miki? Kada ki gyara komai, ki bari matar ta ga yadda kike."

"Baƙuwa za ta zo gidana in tarbe ta kamar wadda aka tsamo daga kwata? Je ki ɗora shayi, Bronte, kin cika surutu."

Ma'aikaciyar, sunanta Noelene, ta zauna ta buɗe kwamfuta.

"Kina iya dafa abinci?"

"Ci kek ɗin nan ki gaya mini."

"An ce kin faɗi."

"Zama na yi ba shiri."

"Wanka fa?"

"Kullum da safe a teku nake yi, 'yar nan. Sanyi ko zafi, shekara arba'in da ɗaya."

Na ga yatsun Noelene suna bugawa, na ga gidan nan yana fita daga hannunmu. Na ce, "Kaka, don Allah! Tafkin nan na bakin teku da ke da matakala ashirin da uku? Ke da ba kya iya zuwa kicin sai da ƙarfen dogarawa?"

"Ke yaushe rabon da ki zo nan da ƙarfe shida?"

Tun da na haihu ban taɓa zuwa kafin tara ba. Noelene ta dubi ƙarfen dogarawar, sannan ta leƙa taga. Rigar iyo baƙa ce can a kan igiya, ba ta gama bushewa ba. Ta rufe kwamfutar.

"Ba zan kammala yau ba. Gobe ƙarfe nawa?"

Washegari kafin ƙarfe shida na naɗe Isla cikin bargo biyu muka fita. Watan Yuli ne, tsakiyar lokacin sanyi a ƙasarmu, iska tana yankan kunne. Tafkin yana nan inda na san shi, sassaƙe cikin dutse, igiyar ruwa tana dukan bangonsa tana tsallakowa. Noelene ta riga mu zuwa.

Wata tsohuwar mota ta tsaya. Mutum uku suka fito, duk na san su tun ina yarinya: Dulcie mai shekara tamanin da ɗaya, da ƙanwarta Vonnie, da Clarrie, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana tsamo masu nutsewa a wannan gaɓar. Suka fito da Kaka, da hular roba a kanta.

Ba wanda ya ce wa wani yi kaza. Vonnie ta zura dogon tawul ta ƙarƙashin hammatar Kaka, ita da Dulcie suka riƙe bakinsa dama da hagu. Clarrie ya sauka matakala ɗaya, ya juyo ya fuskance ta, ta ɗora hannuwa a kafaɗunsa. Da baya yake sauka.

"Ɗaya," in ji Clarrie.

"Ka aske gemun nan, Clarrie, kamar buroshin wanke tukunya."

"Biyu. Kin ƙara nauyi, Merle."

"Kai ne ka tsufa."

Na tsaya a sama na ƙanƙame Isla. Dutsen jiƙe yake, ga gansakuka. Gwiwar Clarrie tana rawa, ina gani. In mutum ɗaya ya zame, duk huɗun sun tafi. Minti goma sha ɗaya suka yi kafin su kai ƙasa, na duba agogo.

A bakin ruwa suka saki tawul. Kaka ta kwanta a kan ruwan kamar mai komawa gadonta, ta miƙa hannu, ta tafi.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba. Matar da ba ta iya ɗaga butar shayi, ga ta tana tsaga ruwa a miƙe, hannu na bin hannu, ba gaggawa, ba ko fantsama. Rana ta ɓullo daga bayan teku, tafkin ya koma ja gaba ɗaya, ita kuma tana tsakiyarsa. Wata igiya ta tsallako bango ta rufe ta, na yi ihu, sai ga hular ta ɓullo can gaba, hannun bai fasa ba. Sau shida ta kai bango ta dawo. Isla ta daina motsi ta zuba ido. Noelene ta ce, "Ikon Allah," a hankali, ba da kowa take ba.

Da suka fito da ita suka naɗe ta, Noelene ta sauka, na bi ta.

"Tun yaushe kuke yin haka?" in ji Noelene.

"Tun Mayu," in ji Dulcie. "Kuma rubuta: ni nake sa mata riga, Vonnie ke wanke mata kai. Kek ɗin jiya ma ni na gasa."

"Munafuka," in ji Kaka, haƙoranta suna kaɗawa.

"Watan Satumba za a yi mini aikin gwiwa," in ji Clarrie. "Ban gaya miki ba, Merle."

Kaka ta dubi gwiwarsa. Noelene ta durƙusa gabanta.

"Bari in sake tambaya. Kina iya wanka da kanki?"

"A cikin ruwa ba abin da ba na iyawa." Ta ja tawul ta rufe kafaɗa. "A ƙasa kuwa, ko maɓalli ya fi ƙarfina. Rubuta haka nan. Amma wadda za ku turo, ta zo da shida, ba goma ba."

Noelene ta ce za ta nema mata babban mataki. Akwai jira na watanni, ba ta ɓoye mana ba, amma za ta sa a fara turo mai taimako na wucin gadi, kuma a yanzu ba ta ga dalilin sayar da gida ba.

Saura hawa. Na miƙa wa Noelene Isla, na cire takalmi.

"Clarrie, nuna mini inda ake tsayawa."

"A hawa, baya za ki koma. Hannu a ƙugunta, ƙafa a buɗe, kada ki kalli ruwa."

Na kama ƙugun Kaka. Sanyi ƙalau take, jikinta yana warin gishiri, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan.

"Kada ki tura ni, Bronte, ba keken kasuwa ba ce ni."

"To, Kaka. Ɗaga ta dama."