Askar Abu Ziyad

Abu Ziyad ya jingina fasasshen madubi da jarka, ya tsoma yatsu cikin rabin kofin ruwa, ya jiƙa haɓarsa. Tun da suka baro Khan Yunis suka koma tanti a Mawasi, ba ya taɓa gemunsa sai ranar da rediyo ta ce manyan duniya za su zauna kan tsagaita wuta. Wanzami ne tun yana saurayi. Yaƙi ya mai da shagonsa tsibin ƙasa, askar nan kaɗai ya fito da ita a aljihu.

"Ango ya tashi kwalliya," in ji matarsa Ummu Ziyad daga kan katifa, ƙafarta naɗe da tsumma.

Ciwon suga ya ci babban yatsan ƙafarta har ya yi baƙi. Maƙwabciyarsu Rawan, ma'aikaciyar jinya, ta ce in aka buɗe mashigar Rafah, likitocin Masar za su iya ceton ƙafar.

"Yau za su kaɗa ƙuri'a, Hajiya. So kike a Masar a ce kin auri bunsuru?"

"Su ne ba su sani ba. Ni na daɗe da sani."

Ya yi dariya har askar ta kusa zamewa. Sarai ya san ruwan nan rabonta ne, kullum sai ta ce ba ta jin ƙishirwa. Abin yana cin ransa, amma in bai yi askin ba, gani take ya fid da rai.

* * *

Washegari da hantsi maza suka yi cincirindo a kan rediyon mai cajin waya. Kowa a zauren taron manyan duniya ya ɗaga hannu, ƙasa ɗaya ta hau kujerar na-ƙi. Sauran sun nuna matuƙar damuwa. Damuwar nan tasu kuwa Abu Ziyad ya ji ta har ya haddace, bai taɓa ganin ta ɗaure wa kowa ciwo ba.

Rawan ta tare shi a bayan tanti, ta rage murya.

"Baffa, baƙin ya fara hawa. Asibiti ko a ƙasa ba wurin kwanciya, allurar kashe zafi ta ƙare. Mataccen naman nan dole a cire shi yau." Ta kawar da kai. "Almakashina ya dakushe. Askarka fa?"

Hannunsa ya kai aljihu, ya tsaya a can. Tsoro ya kama shi irin wanda jirage ba su taɓa ba shi ba.

* * *

"Sun ɗage zaman," ya ce da ya shiga.

Ta dube shi ta gefen ido. "Subhi, ka tsufa ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ke yin ja."

Rabon da ta kira sunansa na yanka, tun kafin a haifi ɗansu Ziyad. Ya zauna, ya zare bel ɗinsa, ya shiga wasa askar a jikinsa a hankali. Ta dubi askar, ta dubi ƙafarta.

"Wasa ta da kyau, tsoho. Duk Khan Yunis ba wanda ya taɓa cewa ka ji masa ciwo, kada ka fara a kaina."

"Ba ni ba ne, Rawan ce za ta yi."

"To kai mene ne amfaninka?"

"Ni zan riƙe ki."

"Matso nan, to."

Ta ɗora tafinta a kumatunsa. Gashin da ya aske jiya har ya fara tsirowa, yana ɗan sukar ta.

"Ka bar shi ya fito," ta ce. "Dama ya fi yi maka kyau, ban dai faɗa ba ne don kada kanka ya kumbura."

Rawan ta juye rabin kofin ruwan ranar a gwangwani, ta ɗora kan wutar kwali, ta saka askar a ciki. Daga tantin maƙwabta rediyo na cewa za a sake zama mako mai zuwa. Ruwan ya fara tafasa.