Ƙarshen Labarin Hamdiyya

Rashida malamar firamare ce a Kaura Namoda, ɗiyar gidan malamai, amma matan da suka san ta a waya sun fi waɗanda suka san fuskarta yawa. In ta taso daga makaranta ta yi la'asar, sai ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya ta yi ta rubutu a waya, tana tura littafinta shafi-shafi cikin wani zaure na mata masu karatu.

Labarin na wata Hamdiyya ne, wadda aka tsinci gawar mijinta a gona ba a san wanda ya kashe shi ba. Tana cikin takaba 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu, ta tsere daji tare da Mubashir, aminin mamacin. Suna tona yashin gulbi su sami ruwan sha, su ci ɗinya da tafasa, ba sa hura wuta don kada hayaƙi ya tona su. A wannan wahala soyayya ta shiga tsakaninsu, masu karatu kuwa suka mutu a kan Mubashir. Abin da ba su sani ba, tun shafin farko Rashida ta yanke cewa shi ne makashin, tana ta binne 'yan alamu tana jin daɗin ranar da za ta girgiza su.

Saura kaɗan ta kammala, wata ranar Asabar baƙuwar lamba ta kira ta. Mai maganar ta ce sunanta Ummuhani, mutuniyar Galadi ce amma yanzu tana zaune Shinkafi wajen gwaggonta. Ita ba ta iya karatun boko ba, wata maƙwabciya ke karanta musu. Sai da ta gaida Rashida ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, sannan ta kawo maganar da ta sa ta kira.

"Malama, roƙo ni ka yi," in ji ta. "Na lura da inda kika dosa. Don Allah kada ki ce Mubashir ne."

Rashida ta yi dariya, ta ce ai labari ne kawai. Ummuhani ba ta taya ta dariyar ba. Ta ce bara aka harbe mijinta Junaidu a hanyar kasuwa bisa babur. Bayan nan da 'yan bindiga suka shigo unguwarsu, wani maƙwabcinsu Saminu ne ya ja ta da ɗiyarta cikin dawa, suka yi ta yawo a daji har Allah ya fid da su Shinkafi. Shi ya goya yarinyar da ƙafafunta suka kumbura. Yanzu ya fito neman aurenta, dangin Junaidu kuma suna ta raɗa cewa infoman 'yan bindiga ne, shi ya faɗa musu hanyar da marigayin zai bi. Babu mai shaida, babu kuma wanda ya daina faɗi. Matan da suke sauraren littafin tare da ita sun fara kallonta duk lokacin da aka ambaci Mubashir.

Rashida ta kwana biyu ba ta rubuta komai ba. Ta ji haushi da farko, don littafin nata ne, ita ta gina shi, kuma in ta sauya ƙarshen rabin aikinta ya rushe. Can kuma sai ta tuna ita ba ta taɓa kwana a daji ba. Duk abin da ta rubuta daga bakin iyayen ɗalibanta ta ji shi, matan da suka gudo daga Banga da ƙauyukan Zurmi, kuma ba ta taɓa tunanin wata cikinsu za ta ji labarin ta ɗauka hukunci ake yanke mata ba.

Da aka yi sunan ɗiyar yayarta a Shinkafi, ta bi motar safe da addu'a a bakinta, kamar kowa a wannan hanya. Bayan an watse ta nemi gidan gwaggon. Ummuhani siririya ce, ba ta kai shekarun da muryarta ta nuna ba. Ta kawo mata fura, suka zauna a zaure, sai ga Saminu ya yi sallama da ɗaurin itace a bayan babur.

Rashida ta yi ta kallonsa a fakaice. Mutum ne marar yawan magana, da tabo a goshi, yana gaisuwa idonsa a ƙasa. Ɗiyar Ummuhani ta ruga ta riƙe masa riga, ya ciro mata ƙuli daga aljihu. Rashida ta nemi irin alamun da take sa wa mutanen littafinta, rawar murya ko kauda kai in an ambaci mamacin. Da ta yi masa ta'aziyyar Junaidu, ya ce Allah ya jiƙansa, tare suka tashi. Ba ta ga komai ba. Mai gaskiya haka zai amsa, marar gaskiya ma haka.

Da ya tafi, Ummuhani ta tambaye ta, "Malama, ke da kika san halin mutane, mi kika gani?"

"Wallahi ban sani ba," Rashida ta ce. "Na littafi ni na ƙirƙire su, shi ya sa na san cikinsu. Ke fa, me zuciyarki ta ce?"

Ummuhani ta daɗe tana juya ludayi cikin ƙwarya. Ta ce a daji akwai ranar da suka sami ruwa ɗan kaɗan a kogon itace, ya ba su suka shanye, shi ya tauna ganye. Ta ce wannan ta gani da idonta, sauran kuwa ji ta yi. Amma wani lokaci in ta idar da salla tambayar takan dawo mata, kuma ta san ko an ɗaura auren ba za ta bar dawowa ba.

Rashida ta koma Kaura ta rubuta ƙarshen. Ba ta ɗora wa Mubashir kisan ba, ba ta kuma ƙirƙiro wani mugu ta jingina masa don a huta ba. Hamdiyya ta fito daga daji, aka yi bincike aka gaji, ba a gano kowa ba, ta auri Mubashir da abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

Zauren masu karatu ya kacame. Wasu suka ce ta yaudare su, wata ta ce littafin kisa da ba a kama makashi ba ɓata lokaci ne, da yawa suka fice. Rashida ba ta yi musu bayani ba, don maganar ba tata ba ce.

Bayan an yi girbin gero Ummuhani ta kira ta, ta ce an ɗaura, mutum kaɗan suka zo, cikin dangin Junaidu ƙanensa ɗaya ya halarta. Sun kama ɗaki a bayan kasuwa, Saminu yana acaba. Rashida ta yi musu addu'ar zaman lafiya. Ummuhani ta amsa da amin, ta ce bari ta je, ta ɗora tukunya a wuta.