Shukar Labbo ta Bana

Labbo ya ɗage rigarsa har ƙirji ya kwanta rigingine, kamar yadda ya saba tun da ya fara zuwa asibitin nan na Gusau wata biyu da suka wuce. Dakta Zakariya ya ɗora tafin hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya danna. Labbo ya cije leɓe. Da za a tambaye shi, lafiya lau zai ce, don shi mutum ne da ko ƙafa aka sare masa sai an gama gaisuwa zai ambata.

"Ya ƙara girma, ko?" in ji Labbo.

"Ya ƙara, Baba."

Ciwon daji ne a hanta. Hoton ciki ya nuna, 'yar tsokar da aka ciro da allura ta tabbatar, kuma likitan bai ɓoye masa ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kwana nawa suka rage. Wannan ne ya taso shi daga Nahuce da sassafe, ya yi awa biyu a bakin hanya yana jiran mota saboda wahalar fetur. Kwana uku ke nan hadari na haɗuwa ta gabas. Ruwan shuka zai iya sauka kowace rana, shi kuwa bai san irin da zai zuba a babbar gonarsa ba.

Shekara talatin dawa yake shukawa a can, kaura, don ƙasar ta fi son ta. Amma dawa ba ta shiga rumbu sai ta yi wata shida, gero kuwa wata uku ya isa yanka. Gidansa daga shi sai matarsa Jummai da autarsu Lami, sauran 'yan matan sun yi aure nesa. In ya shuka dawa ya faɗi kafin kaka, maƙwabta za su taimaka, ya sani, amma kowa sai ya gama tasa, kuma tsuntsu da dabba ba sa jiran kowa ya gama. So yake ya ga hatsin bana a cikin rumbu da idonsa, ya rufe da hannunsa.

Likitan ya koma kujera ya jawo wata takarda. "Baba, akwai abin da zan roƙe ka. Tsokar nan da muka cira, saura kaɗan a kwalba. Ina so ka yarda a kai ta Zariya."

"Su yi mi da ita?"

"Ka ga, idan ƙari ya yi saurin girma, cikinsa yakan rasa iska, don jini ba ya kai masa. Maimakon ya mutu, sai wasu ƙwayoyin gado da ke kwance su farka, su sa ya janyo wa kansa jijiyoyin jini, ya ƙara mugunta. Wani malamina yana tara irin wannan tsoka. Suna zaton idan aka duba waɗanda suka farka, za a iya gane ciwon wa ke da sauri, na wa ke tafiya a hankali."

Labbo ya gyara zama, fuskarsa ta washe kamar wanda aka ce masa ɓataccen sansa ya dawo. "To ai shi nika nema, likita. A duba nawa. Yaushe za a ji?"

Dakta Zakariya ya sunkuyar da kai. Ya ji haushin bakinsa, don ya ɗauki bayani da zafi irin na mai karatu, ya manta wanda ke gabansa.

"Ba yanzu ba, Baba. Aikin shekaru ne. Wasu ne za su amfana, ba kai ba."

Labbo ya gyaɗa kai. Can ya miƙa babban yatsansa aka shafa masa tawada, ya dangwala a inda aka nuna. "Ku kai musu. Ni babu abin da za ni yi da ita."

Bai tashi ba. Tambayar na bakinsa amma ba ta tambayuwa. Musulmi da furfurarsa ba ya zama gaban ɗan Adam ya ce yaushe zan mutu, kuma ya san ko ya tambaya, abin da zai ji shi ne rai a hannun Allah yake. Sai ya tuna likitan ya taɓa ce masa shi ma ɗan manomi ne, daga Zonkwa.

"Likita, da kai ne ni, mi za ka shuka bana? Dawa ko gero?"

Dakta Zakariya ya dubi idanun da suka yi ɗorawa, ya dubi ƙafafun da kumburi ya hana shiga takalmi.

"Gero, Baba."

"Maiwa hwa? Ita wata huɗu ce da 'yan kwanaki."

"Gero. Kuma da ruwan fari, kada ka jira na biyu."

Labbo ya yi godiya, ya tambayi lafiyar iyalin likitan ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, sannan ya fita.

A motar Bungudu da ya shiga don komawa gida, an cusa su kamar buhuna. Wani mutumin Tsafe yana ta ba da labari cewa su can jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yau kowa na gona da sungumi. Fasinjoji suka dinga yi masa barka. Labbo ya juya fuskarsa wajen taga. Ba tsoron mutuwa ne ya kama shi ba, ko kuma ba shi kaɗai ba. Baƙin ciki ne zalla, na mutumin da ya ga gonaki an share su sun yi fes, ya san wannan ce damina ta ƙarshe da zai shiga cikinsu. Hawaye suka zubo, ya bar su, ƙura ce kowa zai ɗauka.

Bayan la'asar ya shiga gida. Jummai na zaune a tsakar gida da faifai, ta riga ta sauko da zangarniyar kaura ta iri daga rataye, ta sussuke, tana tsince waɗanda ƙwaro ya ci. Ba ta jira an ce mata ba, haka take yi kowace shekara.

"Sannu da hanya, Malam. Mi likita yac ce?"

Ya zauna a kan tabarma a hankali, yana dafe da gefen cikinsa. "Ya ce gero za mu shuka."

"Ƙaramar gona ai kullum gero ne."

"Har babbar."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ita ma a gona ta tashi, ta san lissafin watanni ba sai an yi mata ba.

"To wanga iri hwa?" ta ce, muryarta can ƙasa. "In mai da shi rataye?"

"Ki surfa shi, ki dama muna kunu."

Ta dube shi. Ko shekarar fari, da suka kwana biyu a kan ganyen tafasa da ruwan zafi, mutumin nan bai yarda an taɓa ƙwaya ɗaya ta irin nan ba. Ta kira Lami ta ce ta sauko da geron iri, sannan ta jawo turmi ta juye dawar a ciki, ta yayyafa ruwa. Ta juya masa baya kafin ta ɗaga taɓarya.