Ƙeyar Inna

"Siddiƙa, tsakaninki da Allah, mutanen Tudun Wada ba su da fuska ne?"

Muryar Malama Ishatu ce a waya, dariya na cin ta. Ita ke koya musu zanen mutum a waya, su goma sha biyu a zauren WhatsApp, ba wanda ya taɓa ganin wani.

"Suna da ita, Malama."

"To ina take? Zane talatin kin turo mini, duk ƙeya. Mace na wanki, ƙeya. Mace na tuƙa tuwo, ƙeya. Wallahi na san ƙeyar nan fiye da ta maigidana. Wace ce ma?"

"Innata ce."

"Ai kin huta! Hannunki yana da kyau, amma ba zan wuce da ke aji na gaba ba sai kin kawo fuska. Ba daga hoto ba. Mutum ya zauna, ki dube shi, ya dube ki. Ranar Juma'a nake so."

Siddiƙa ta kashe wayar, ta ɗaga labule. Inna na tsakar gida tana shanya, ta ba ta baya kamar kullum.

Siddiƙa ce 'yar fari. Ana yaye ta aka kai ta Hanwa wurin Gwaggo, yayar Baba, can ta girma, can ta koyi dariya da ƙarfi. Bara Gwaggo ta rasu, ta dawo gidan da aka haife ta kamar baƙuwar da ba ta da ranar tafiya. Baba na aiki a Kaduna, sai ƙarshen wata. Ƙanwarta Fareeda ta yi aure a Tudun Jukun. Su biyu ke nan a gidan, da wata mage.

Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita. "A zo a ɗauki abinci," take ce wa iska. Amma Fareeda na kira, sai ka ji gidan ya cika: "Fareeda 'yar banza, yau kin tuna da ni?" Siddiƙa ta san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya mata. Sanin bai taɓa taya ta hira ba.

Da za ta hau keke zuwa Tudun Jukun, da Fareeda ta zauna mata har da jan baki. Sai dai ba wannan fuskar take nema ba.

Ta fito, ta tsaya bayan igiyar shanya.

"Inna, don Allah ko za ki zauna mini? Minti goma kawai. Fuska aka ce in zana."

Inna ta yarfe zanen da ke hannunta, ta rataye.

"Ikon Allah. Ni za a kafa wa ido kamar talabijin? A je wurin Fareeda mana, ita da ba ta gajiya da hoto."

Ta ɗauki bokiti ta shige madafa.

A ɗaki Siddiƙa ta ce za ta zana da ka. Ta ɗauki ɗan alƙalaminta mai bakin roba, ta ja da'irar kai, ta raba ta da layi inda idanu za su zauna. Ta ɗaura mata ɗankwalin Inna, ɗaurin nan mai karkata hagu da ta haddace. Ta sa hanci, sai ya fito na Gwaggo. Ta goge. Ta sa idanu, na Fareeda. Akwai wani ɗan tabo a kumatun Inna, amma dama ne ko hagu? Shekara ashirin da uku a duniya, ba ta sani ba. Ta goge komai, ta bar da'irar fayau ƙarƙashin ɗankwali, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar.

Da azahar aka kawo wuta. Ta jona wayar a falon Inna, inda soket ɗin ke aiki, ta tafi kasuwa sayen kayan miya. Ba ta sa wa wayar makulli. Ba mai taɓa ta.

Da ta dawo ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta tsaya a bakin falon da ledar tumatir a hannu.

Inna na zaune a kan tabarma, wayar a cinyarta, tana jan hotunan da yatsa ɗaya a hankali. Ga ta tana wanki. Ga ta a kan sallaya. Ga ta tana tsefe kai, rabin kitso a kwance. Ta daɗe a kan kowanne. Da ta iso na ƙarshe, da'irar nan da ba komai a cikinta, sai yatsan ya tsaya. Ta kai hannu ta shafa kumatunta na hagu.

Ledar ta yi motsi. Inna ta yi maza ta kife wayar, ta juya wajen magen da ke kwance a gindin kujera.

"Ke kuma kina gani ana karkata mini kafaɗa, ba ki ce komai ba."

Siddiƙa ta ajiye ledar a ƙasa.

Inna ta goge ido da bakin zane, ta ci gaba da yi wa magen magana.

"A gaya wa mai zanen, gobe bayan la'asar zan tsince shinkafa a bakin ƙofar nan, wajen haske. Ba ruwana da wanda ya zauna gabana. In kuma aka ga na ɗago kai, wuyana ne ya gaji."