Faifan Mijin Widad

Maƙwabciyata Widad, Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta unguwarmu ta Faisal. Mutane na ɗaukar zinariya in za su gudu, ita baiwar Allah faifan garmaho ta rungumo. Na farko ne da ƙungiyar kiɗan mijinta, marigayi Isam, ta buga tun suna samari masu tara suma. Irin kiɗan rok ɗin nan ne na da, wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai sukutum. Kaɗan aka buga, sauran kuwa Allah kaɗai ya san inda suke. Nan kawai muryar Isam ta rage a duniya, ga shi ba ta da abin kunnawa.

Ni Kulu ba na iya ganin abu in yi shiru. Na tasa maigidana Harun a gaba sai da ya samo mana wani Ayman, mai shagon tsofaffin faya-fayai a unguwar Mohandessin. Na ce wa Widad, wadda nake kira Khala, wato inna, "Yalla mu tafi, Khala, ɗauko mayafinki."

Ayman na zaro faifan ya sunsuna, ya karkata shi a haske. Tsakiyar ta lotsa kamar murfin roba.

"Hajja, wuta ya sha?"

"Turare dai," in ji ta. "Duk Juma'a nake turara shi a kasko, tare da jallabiyar Isam."

Na dafe kai. Sau nawa ina zaune tana yi, har ina yaba ƙamshin?

Ya ɗora allura. Sarewa ta fara, jita ta biyo, ganguna suka shigo suka fita, aka koma sarewa. Abu ya ƙi ƙarewa, har na ƙosa na ce, "Wai su waɗannan ba su da baki ne?"

"Yi haƙuri, 'yata. Sai can ciki yake shigowa."

Can kiɗan ya lafa. Muka ji mutum ya ja numfashi zai fara, sai allurar ta yi tsalle ta zame ƙiii har tsakiya. Ayman ya sake gwadawa, ya danna da yatsa, a banza.

"Ma'alish, Hajja. Khalas, faifan ya lalace."

Na fara haɗa jakata, ina jin haushin kaina. Widad ba ta motsa ba.

"Mayar mini baya kaɗan, ɗana," ta ce. "Wurin numfashin."