Harafi ɗaya a sunan Vidhur

Shekara ashirin da shida ina koyar da Sanskirit, tsohon harshen littattafanmu, a makarantar 'yan mata ta garin Ujjain, kuma babu jaririn da aka haifa a danginmu da ba a zo an tambaye ni sunan da za a sa masa ba. Sai da ƙanena Devdatt ya haifi ɗa, a nan ne aka nuna mini iyakata.

Malamin ɗakin bauta ya duba tauraron da aka haifi yaron a ƙarƙashinsa, ya ce sunan ya fara da "Vi". Na zauna na rubuto sunaye biyar da hannuna, kowanne da ma'anarsa da asalinsa, na kai wa Manjari, matar ƙanen nawa. Ta karanta a gaban mata cike da ɗaki, ta tuntsire da dariya.

"Didi, yayata, waɗannan ai sunayen tsofaffin da ke layin asibiti ne. Jariri fa muka haifa."

Mata suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Sai ta miƙo mini wayarta. "Ga wanda na zaɓa. Shi ake yayi yanzu, wai mai hikima yake nufi."

An rubuta Vidhur da haruffan Turawa. Ido ɗaya na yi masa na ga ɓarnar. Vidur shi ne mai hikima. Da an ƙara wannan ɗan hucin na "h" a tsakiya, ya koma mutumin da matarsa ta mutu ta bar shi. Kalmar littafi ce, ba a jin ta a kasuwa, ita da mijinta kuwa makarantar Turanci suka yi. Na mayar mata da wayar na ce, "Ya yi kyau." Haushi ne kawai, ba ni da wani dalili. Na ce a raina bari wayar ta koya mata.

Ranar suna, kwana goma sha biyu da haihuwa, ni ce Bua, wato 'yar'uwar uba, don haka ni al'ada ta ɗora wa raɗa sunan. Malamin tsoho ne, kunnensa ya yi nauyi, ga wani sunan yana jiransa a unguwar gaba. Na karɓi yaron, na rufe masa kunne ɗaya da ganyen goro, na raɗa masa a ɗayan abin da na san mugun suna ne. Ya yi hamma. Aka raba alawar laddu, na ci biyu.

Na ɗauka cikin mako guda wani zai lura, a zo a ba ni haƙuri, in gyara. Babu wanda ya lura. Sunan ya shiga takardar haihuwa, ya shiga rajistar makaranta. Kowace shekara faɗar gaskiyar tana ƙara mini nauyi, musamman da Manjari ta zama mutuniyata. Da na karye a ƙugu, ita ta yi wata biyu tana yi mini wanka.

Yaron yana shekara takwas, ran nan da la'asar suka shigo gidana shi da uwarsa, idonta jawur. Malamar Hindi ce ta sa kowane ɗalibi ya faɗi ma'anar sunansa. Ya miƙe da alfahari ya ce mai hikima, malamar ta gyara masa a gaban aji. Tun daga ranar yara suke bin sa suna tambayarsa yaushe aka ƙona gawar matarsa.

Na ɗora shayi. Manjari ta zauna a ƙasa ta kama ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar biki.

"Didi, ki yafe mini. Kin kawo sunaye na yi miki dariya. Da na nuna miki nawa, ai da kin hana ni. Wa zai ba shi 'yarsa da wannan sunan? Ni na cuce shi da hannuna."

Ta manta ta nuna mini. Shekara takwas, ga jego, ga hayaniyar mata, abin ya goge daga kanta. Ƙofar tsira ta buɗe mini, kuma kunya nake ji in faɗa cewa na nufe ta. Na dafa kanta na ce, "Tashi, ƙanwata. Kuskure ne, kowa yana yi. Harafi ɗaya ne, za mu je a cire, ya koma Vidur."

Yaron yana tsaye jikin ƙofa, bai taɓa biskit ɗin da na ba shi ba.

"Vidur," ya maimaita a hankali. "Ai haka kike kirana, Bua. Kullum. Ke kaɗai. Na zaci haƙoranki ne."

Gaskiya ya faɗa. Tun ranar da na raɗa masa sunan, bakina bai ƙara iya furta shi ba.

Manjari ta saki ƙafata. Ba ta yi tsawa ba, ta dai ɗago ta dube ni.

"Tun yaushe, Didi?"

Na ce, "Tun kafin a sa masa."